Hujjar Gani da Ido a Darasin Lissafi: Jimlar Lambobi Masu Bin Juna

1.0 Gabatarwa

Akwai wata ƙa'ida a lissafi wadda kusan duk wanda ya wuce ta babbar sakandare ya taɓa haddace ta, wato ƙa'idar tara lambobi masu bin juna daga 1 zuwa duk inda aka ga dama. Ƙa'idar ta ce a ɗauki lambar ƙarshe, a ninka ta da lambar da ke biye da ita, sannan a raba abin da aka samu gida biyu. Idan daga 1 zuwa 10 ne, sai a ce 10 sau 11, an sami 110 ke nan, rabinsa kuwa 55. A littattafai ana rubuta ta kamar haka: n(n + 1)/2. Ɗalibi yakan gamu da ita ne a darasin jerin lambobi, yakan kuma riƙe ta zuwa ranar jarrabawa. Amma da wuya a sami wanda zai iya faɗin dalilin da ya sa ake ƙara ɗaya, ko dalilin da ya sa ake rabawa biyu.

Wannan sashe na rahoto zai yi ƙoƙarin nuna cewa yaro ɗan aji huɗu ko biyar na firamare zai iya ganin dalilin wannan ƙa'ida da idonsa, ta hanyar tsakuwa da zane, tun kafin ya san harafin n. Sai dai abin da ya fi damun mu, a matsayinmu na masu nazarin harshe, shi ne cewa zane shi kaɗai ba ya zama hujja. Yana zama hujja ne a lokacin da yaro ya iya faɗa da bakinsa abin da ya sa zanen zai yi aiki ga kowace lamba. Wannan magana kuwa da harshen da yaro yake tunani da shi ake yin ta.

Mun san cewa matsayin harshen uwa a aji ya sha sauyawa. Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 ya tanadi koyarwa da harshen uwa ko harshen yankin a shekarun farko na firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da faɗaɗa wannan zuwa shekaru shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar janye shi da komawa ga Ingilishi. Ko wane ne harshen da ke kan takarda, malamin da ke gaban yara Hausawa, idan ya ga sun yi shiru sun zuba masa ido, da Hausa yake sake bayani. Wannan Hausar ce muke so ta zama tsararriya.

2.0 Asalin Tambayar

Labarin da aka fi bayarwa shi ne na Carl Friedrich Gauss (1777 zuwa 1855), masanin lissafi na ƙasar Jamus. An ce yana yaro malaminsu ya ba su aikin tara lambobi daga 1 zuwa 100, shi kuwa nan take ya rubuta 5050 ya ajiye allonsa. Ya kamata malamai su san cewa labarin ya samo asali ne daga littafin tunawa da Sartorius von Waltershausen ya rubuta a 1856, kuma wannan littafi bai ambaci 1 zuwa 100 ba. Masu ba da labari na baya ne suka sa lambobin, kamar yadda Brian Hayes ya nuna a 2006 bayan ya bi diddigin ruwayoyin. Ba ma hana a ba yara labarin. Illarsa ɗaya ce: yana sa su ɗauka cewa sai mai baiwa ta musamman ne zai iya gano dabarar, alhali kuwa ta girmi Gauss nesa ba kusa ba.

A wajajen shekara ta 800, a cikin wani kundin tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa da ake dangantawa ga Alcuin na York, akwai tambaya a kan tsani mai matakai 100, tattabara ɗaya a mataki na farko, biyu a na biyu, haka har sama. Amsar da aka bayar ta haɗa 1 da 99, 2 da 98, har aka sami ɗari-ɗari sau 49, sannan aka ƙara 50 da ta rage a tsakiya da 100 ta ƙarshe, jimla 5050. Kafin wannan kuma, mabiya Pythagoras a ƙasar Girka suna jera tsakuwoyi su fitar da siffofi, su kira 1, 3, 6, 10, 15 da sunan lambobin alwatika. Nicomachus, mutumin Jarash ta ƙasar Jodan ta yau, ya tsara wannan ilimi a littafi a wajajen shekara ta 100, Sabit bin Ƙurra (ya rasu a 901) kuma ya fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza. A Indiya ma Aryabhata ya kawo ƙa'idar a 499.

3.0 Matakala Biyu a Gurbin Dara

Hujjar da muka fi ba fifiko ba ta buƙatar komai sai ƙasa da tsakuwa. Yara da yawa sun san irin darar nan da ake haƙa wa gurabe 30, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Malami ya sa a haƙa gurabe haka a filin makaranta, ko a zana su a kan allo. Sai ya ba yaro ɗaya tsakuwoyi, ya ce ya sa ɗaya a layin farko, biyu a na biyu, har biyar a na biyar, kullum yana farawa daga hagu. Abin da zai fito matakala ce. Sai a ba yaro na biyu 'yan itatuwa, a ce ya cike guraben da suka rage.

● ○ ○ ○ ○ ○
● ● ○ ○ ○ ○
● ● ● ○ ○ ○
● ● ● ● ○ ○
● ● ● ● ● ○

Tambayar da za a yi wa aji ita ce: wa ya fi yawa, mai tsakuwa ko mai itace? Wasu za su fara ƙirgawa, kada a hana su. Amma za a sami wanda zai lura cewa mai itace ma 1, 2, 3, 4, 5 ya sa, sai dai daga ƙasa ya faro. Matakala biyu ne masu girma ɗaya, ɗaya a tsaye, ɗaya kanta a ƙasa, sun haɗu sun cike gurabe 30. Rabon kowannensu 15 ke nan. Ga dalilin rabawa biyu ya fito: jimlar sau biyu muka jera, don haka rabi muke nema.

Saura dalilin ƙara ɗaya, kuma a nan ne ya kamata malami ya daɗe. Me ya sa kowane layi yake da shida, ba biyar ba? A layin ƙarshe matakalar farko ta kai iyakarta, wato biyar, ta biyu kuma tana da ƙwaya ɗaya, ga shida. To me ya sa sauran layukan ma shida ne? Domin duk lokacin da aka sauko layi guda, tsakuwa tana ƙaruwa da ɗaya, itace yana raguwa da ɗaya. Abin da wannan ya samu, shi wancan ya rasa, saboda haka tsawon layi ba ya sauyawa.

A lura da wannan magana ta ƙarshe. Babu biyar a cikinta, babu shida. Da matakalar tana da hawa 40 ko 1,000, maganar tana nan daram. Zanen da ke kan allo matakala mai hawa biyar kawai ya nuna, kuma misali ɗaya ba ya tabbatar da ƙa'ida, haka ma misali ɗari. Abin da ya mayar da shi hujja shi ne wannan furuci da bai dogara da girman matakala ba. Saboda haka idan yaro ya ce amsa 15 ce, bai gama aiki ba tukuna. Malami ya tambaye shi: da hawa 20 ne, layi nawa za mu haƙa, gurbi nawa a kowane layi, kuma ta yaya ka sani ba ka haƙa ba? Yaron da ya ce layi 20, kowanne gurbi 21, domin babban hawa yana haɗuwa da ƙwaya ɗaya, ya riga ya mallaki n(n + 1)/2, ko da bai taɓa ganin ta a rubuce ba.

Wannan hanya ta fi ta haɗa farko da ƙarshe, wadda ake jingina wa Gauss. Idan aka haɗa 1 da 100, 2 da 99, ana samun 101 sau 50, komai ya tafi daidai, domin 100 cika ce. Amma idan lambar ƙarshe mara ce, kamar 7, sai 4 ta rage a tsakiya ba ta da abokiyar haɗi, yara su rikice, malami ya shiga kawo ƙa'ida ta biyu. Matakala biyu ba ruwansu da cika ko mara. Bugu da ƙari, suna amsa wata tambaya da ɗalibai masu lura sukan yi, wato yaya aka yi rabawa biyun ba ta taɓa barin saura. Cikin lambobi biyu masu bin juna dole ɗaya ta zama cika.

3.1 Rabin Murabba'i da Haƙoran Matakala

Idan aka nuna wa yara matakala mai hawa biyar a kan takarda mai gidaje, da yawa za su ce ai rabin murabba'i ne mai 5 sau 5. Rabin 25 kuwa 12 da rabi ne, ba 15 ba. Wannan kuskure yana da amfani ƙwarai, kada a yi saurin gyara shi. A ja miƙaƙƙen layi daga kusurwar sama ta hagu zuwa kusurwar ƙasa ta dama. Abin da ke ƙarƙashin layin shi ne rabin murabba'in, 12 da rabi. Amma a kowane hawa akwai ɗan haƙori da ya leƙo saman layin, kowanne rabin gida ne. Haƙora biyar sun ba da 2 da rabi, an sami 15 ke nan. Jimlar, ashe, rabin murabba'i ce da ƙarin rabin yawan hawa. Wannan hujja ta fi dacewa da ƙaramar sakandare, inda aka riga aka koyar da faɗin fili, domin tana ba ɗalibi damar ganin cewa n²/2 + n/2 da n(n + 1)/2 abu ɗaya ne aka kalla ta fuska biyu.

Akwai kuma ta uku, wadda za a iya bari a matsayin aikin gida. Idan aka haɗa matakala mai hawa biyar da mai hawa huɗu, murabba'i cikakke ake samu, 15 da 10 sun ba da 25. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙirgen hawa da sauka, 1 + 2 + 3 + 4 + 5 + 4 + 3 + 2 + 1, yake ba da 5 sau 5.

4.0 Kalmomin da Hujjar Take Buƙata

A nan ne aikin mai tsara manhaja yake. Mun lura cewa littattafan lissafi na Hausa sun fi mayar da hankali ga sunaye, irin su alwatika da murabba'i da jimla. Amma hujja a kan aikatau da ƙananan kalmomi take tafiya, su kuwa ba a cika kula da su ba.

Ɗauki umarnin da ake bayarwa idan an yanka matakala biyu da kwali. Malami zai iya cewa a kifa ta biyun. Yaro Bahaushe ya san kifawa sarai, yadda ake kifa ƙwarya, don haka zai ɗaga kwalin ya mayar da fuskarsa ƙasa. Idan ya kifa shi daga sama zuwa ƙasa, ko daga hagu zuwa dama, haƙoran ba za su shiga cikin juna ba, sai ya zaci shi ne ya kasa. Abin da ake buƙata shi ne a juya kwalin yana kwance a kan tebur, ba tare da an ɗaga shi ba, har kansa ya koma ƙasa, gindinsa ya koma sama. Ya kamata jagoran malami ya rubuta umarnin a cike haka, ya kuma tsayar da juyawa ga wannan motsi, kifawa ga wancan, tun daga aji ɗaya.

Haka kuma kalmar layi. A zanen dara akwai layuka biyar idan aka bi ta kwance, shida idan aka bi ta tsaye, dukkansu kuwa layi muke ce musu. Muna ba da shawarar a riƙa cewa layin kwance da layin tsaye duk lokacin da za a iya samun ruɗani. Murabba'i ma a bakin mutane da yawa yana nufin duk wata siffa mai kusurwa huɗu. A wannan darasi kuwa bambancin 5 sau 5 da 5 sau 6 shi ne darasin baki ɗaya. Don haka a keɓe murabba'i ga siffar da tsawonta da faɗinta suke daidai, a kira ɗayar mustaɗili kamar yadda wasu littattafai suke yi.

Game da harafin n, Hausa tana da kalmarta ta abin da ba a fayyace ba, wato kaza, kamar a ce ranar kaza ko naira kaza. Yaron da ya ji an ce matakala mai hawa kaza ya fahimci cewa kowane adadi zai iya shiga wurin. Za a iya faɗin ƙa'idar duka haka: kaza sau kaza da ɗaya, a raba biyu. Gaskiya ne a rubuce ba a bambanta ta da kazar da ke ƙwai, tunda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, kuma babu shakka yara za su yi dariya a ranar farko. Ba mu ga laifin wannan ba. Daga kaza zuwa n taki ɗaya ne, ya kuma fi sauƙi a kan a jefo wa yaro baƙon harafi a ce masa lamba ce.

Sai matsalar daga da zuwa. Idan jimlar ba daga 1 ta fara ba, misali daga 11 zuwa 20, zanen yana nan yana aiki: kowane layin kwance zai zama 11 da 20, wato 31. To layi nawa ne? Ɗalibai da yawa za su ɗebe 11 daga 20 su ce tara, alhali goma ne, amsar kuwa 31 sau 10 a raba biyu, wato 155. Harshen kansa yana da maganin wannan kuskure. Baƙon da ya zo ranar Litinin da safe ya tafi ranar Juma'a da yamma, wuni biyar ya yi, amma kwana huɗu. Ɗebewa kwana take ƙirgawa, mu kuwa wuni muke nema. Malamin da ya kawo wannan misali sau ɗaya ba zai sake shan wahalar bayanin ƙara ɗaya ba.

Daga ƙarshe akwai misali da hujja, waɗanda malamai sukan yi amfani da su kamar ma'anarsu ɗaya. Ya kamata manhaja ta raba su: misali yana nuna cewa abin ya yi a wannan karo, hujja tana nuna cewa ba yadda za a yi ya ƙi yi.

5.0 Inda Ido Yake Yaudara

Dole ne a gaya wa ɗalibai cewa ba duk abin da ido ya gani ne gaskiya ba. Akwai wani sanannen wasa da ake yanka murabba'i mai 8 sau 8 gida huɗu, a sake jera yankunan su zama kamar mustaɗili mai 5 sau 13. Na farko gida 64 ne, na biyu 65. Gida ɗaya bai faɗo daga sama ba. Yankunan ba su haɗu sosai ba ne, akwai wata siririyar kafa da ta bi ta tsakiya daga kusurwa zuwa kusurwa, faɗin filinta gida ɗaya cif, amma kaurin alli ko bakin almakashi yana ɓoye ta. Muna so a sa wannan wasa a mako ɗaya da darasin matakala, a tambayi ɗalibai me ya sa muka yarda da wancan zane muka ƙi wannan. Amsar ita ce a matakala muna da dalilin da za mu iya furtawa cewa kowane layi ya cika, a nan kuwa cewa kawai muka yi ga alama sun haɗu. Littafin Roger Nelsen na 1993 ya tattara irin waɗannan zane-zane a ƙarƙashin sunan hujjoji marasa kalmomi, amma ko a can mai karatu ne ake bar wa aikin samar da kalmomin.

6.0 Wurinsa a Manhaja

Ba sabon babi muke nema ba, domin mun san yadda jadawalin darussa ya cika. Darasin zai iya shiga ƙarƙashin ninkawa a aji huɗu, ya dawo ƙarƙashin faɗin fili a ƙaramar sakandare, ta yadda idan aka zo jerin lambobi a babbar sakandare tsohon sani ne za a sa wa sabon suna. Misalan aiki kuwa suna nan kewaye da yara. Mai shayi yana jera gwangwanayen madara huɗu a ƙasa, uku a kansu, biyu, ɗaya, goma ke nan. Wanda ya sa naira 10 a asusu ranar farko, 20 a ta biyu, yana ƙara goma kullum, zai fasa asusun bayan kwana 30 ya tarar da naira 4,650. Ƙungiyoyin ƙwallo 20, idan kowace za ta kara da kowace sau ɗaya, wasa 190 za a yi, domin ta farko tana da abokan karawa 19, ta biyu saura 18, haka har ƙasa. A wannan misali jimlar a 19 ta tsaya, ba a 20 ba, kuma yana da kyau a bar ɗalibai su gano dalili da kansu.

Ga manyan azuzuwa akwai hatimi, wanda yara da yawa sun taɓa gani a rubuce. Amfanin da ake yi da shi wani zance ne daban, ba na wannan rahoto ba, amma gininsa lissafi ne tsantsa. A hatimi mai gida tara ana zuba lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Kafin a zuba ko lamba ɗaya za a iya sanin jimlar layi. Daga 1 zuwa 9 jimla 45 ce, layukan kwance uku ne masu rabo daidai, don haka kowanne 15. A hatimi mai gida 25 jimlar duka 325 ce, kowane layi 65. Malamin nan na Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a wajajen 1732 wanda ya bayyana hanyoyin gina irin waɗannan hatimai masu layuka mara. Ya dace sunansa ya shiga littafin ɗalibi a shafi ɗaya da na Gauss.

Abin da zai fi wuyar sauyawa shi ne auna fahimta. Muddin takardar jarrabawa lamba kawai take nema, malami zai koma ga hadda, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Muna ba da shawarar cewa a gwajin aji, ko da tambaya ɗaya ce, a zana wa ɗalibi matakala biyu masu hawa shida, a ce ya rubuta jimla biyu ko uku yana bayyana abin da ya sa kowane layin kwance yake da bakwai. A ba shi maki a kan dalilin da ya kawo, da Hausa ya rubuta ko da Ingilishi, ko da ya yi kuskuren ƙa'idar rubutu. Wannan yana nufin kwalejojin ilimi su fara sa ɗaliban malanta su yi wannan bayani da baki a gaban 'yan uwansu, da tsakuwa a hannu, kafin a tura su koyarwar gwaji.